Rigar Iyo da Na Ɗinka Bai-bai

Talata, 19 ga Agusta 1986, ƙarfe goma na safe

Na gama wanke kwanonin Sallah. Biyu ba namu ba ne, ban san masu su ba. Naman da ya rage na soya na zuba a roba, ba mai ci.

Yarinyar tana Pleasant Garden wurin Huseina, yau kwana uku. Keke ta ɗauka da jaka ɗaya. Huseina ƙawata ce, 'yar zangon Kumasi, nas ce a asibiti, tana da ɗakin da ba kowa. In dai sai an tafi, gara can.

Malam, maigidana, ya tambaya yana ɗaura takalmi zai tafi jami'a: "Kubura, Hauwa'u ta yi waya?" Na ce a'a. Shi yana iya kiran sunan. Ni kuwa, ita 'yar farina ce, shekara goma sha tara ban taɓa kiransa ba, kuma shekara goma a Greensboro ta Amurka ba su canza min wannan ba.

Takardar gasar tana nan a jikin firij inda ta manna ta. Lahadi, 21 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe. Tirayatalon suke ce wa abin: a yi iyo a tafki, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, duk a jere ba hutu. Wai yanzu mata ma suna shiga. Ikon Allah.

Abin da na faɗa mata ranar Sallah a gaban baƙi ba zan rubuta shi a nan ba. Baki ne na yi mata, kuma akwai maganar ruwa a cikinsa. Ni na haife ta, da bakina na faɗa, kuma ban janye ba. Saura kwana talatin da uku ta shiga tafkin.

Laraba, 20 ga Agusta, azahar

Babban almakashi, wanda na yayyanka baƙar rigar iyonta da shi, yana cikin durowa. Da ƙaramin na yi aiki yau.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Huseina ta yi waya daga wurin aiki, ina jin ana kiran likita a bayanta.

"Yaya, kina ji na? Yarinyar nan ba ta da abin shiga ruwa. Kin san dalili."

Na ce na sani.

"Gobe za ta je kanti ta sayo wata baƙar irin waccan, wadda ba hannu ba ƙafa. Na ce ta dakata. Ke ce tela. In so kike ta rufe jiki, to ki ɗinka abin da zai rufe. Ta ce in kin ɗinka za ta sa."

Na ce ita ta faɗi haka da bakinta? Ta ce da bakinta, da Turanci.

Ina da awonta na ƙaramar Sallah a littafi. Ina da shuɗin yadin auduga mai kauri wanda wata ta kawo ta fasa ɗinkin. Ba sai kowa ya zo ba.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Na gama. Riga mai dogon hannu har cinya, wando har idon sawu. Na sa shafi don kar ya nuna jiki in ya jiƙe. Kowane haɗi na bi shi sau biyu na naɗe bakinsa ciki yadda aka koya mana, ko zare ɗaya ba ya leƙowa. Na yi ɗan aiki a wuya. Na sa sitaci na goge har wandon yana neman tsayawa da kansa. Wallahi ko Kano aka kai shi ba mai cewa komai.

Malam ya kai musu da mota. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta ce an gode. Na ce shi ke nan? Ya ce, "To me kike so ta ce?"

Alhamis, 28 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Kayan sun dawo a cikin leda, a jiƙe. Huseina ce ta kawo da kanta, ba ta ko zauna ba, ta zazzage su a kan teburin yanka.

Jini a hammata biyu. Jini a wuya, daidai inda na yi aikin. Jini a matsematsi, layi biyu a miƙe, inda haɗin wandon ya bi.

"Kwana uku tana sawa," in ji Huseina. "Ta yi iyo da shi, ta hau keke mil goma sha biyu, ta yi gudu. Ba ta ce min komai ba, tafiyarta na gani, tana buɗe ƙafa kamar wadda aka yi wa kaciya. Yaya, auduga ruwa take sha ta riƙe. In ta jiƙe ta yi nauyi, sai ta manne tana gogar fata. Ga gishirin gumi. Wannan ɗinkin naki mai kyau kuwa, duk taku ɗaya sai ya karce ta sau ɗaya. Ki lissafa taku nawa ne a mil uku. Sitaci kuma fa? Biki za ta?"

Na ce ai da sai ta cire.

"Ke kika ɗinka. Shi ya sa ba ta cire ba."

Na jiƙa su a ruwan sanyi da gishiri. Jinin hammata ya fita, na wuya ya ƙi.

Asabar, 30 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Na shiga bas zuwa cikin gari, na sauka a tasha na taka zuwa Elm Street. Akwai kantin kekuna. Shekara goma ina wuce shi ban taɓa leƙawa ba.

Na ɗauki wandon masu keke na juya shi ciki waje ina duba ɗinkin. Baturiyar da ke tsaron kantin ta zo, doguwa, rana ta ƙona mata hannuwa, ta ce ko nawa nake nema. Ni! Na ce na 'yata ne. Ban san na taɓa faɗin kalmar ga baƙo ba sai yau.

Ta san abin, ita ma ta yi gasar sau biyu. Ga abin da ta ce, na rubuta don kar in manta. Yadi ya zama nailan mai talewa, wanda ba ya riƙe ruwa. Ya kama jiki, don abin da yake lilo shi yake gogewa. Ni da na ɗauka yalwa ita ce jin daɗi. Haɗi ya zama kaɗan, kuma kada ya bi ta tsakiyar cinya ko ƙasan hammata. A yanke 'yar takardar kamfani da ke wuya. Rigar mama ta zama marar ƙarfe marar maɗauri. A shafa basilin a wuya da hammata da cinya da ƙasan mama kafin a fara, ba bayan fata ta ɗaye ba. Kada a sa sabon abu ranar gasa.

Na tambaye ta tafkin yana da zurfi. Ta ce, "Sosai. Amma akwai masu kwalekwale suna bin su." Ta yi murmushi. Su komai murmushi.

Na sayi baƙin nailan a kantin yadi. A bas na riƙa jan sa yana komawa.

Litinin, 1 ga Satumba, hantsi

Yau hutu ne, Malam yana gida yana jin ina zagin keken ɗinki.

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki, yau yadi ya mai da ni 'yar koyo. Allura tana tsallake, zare yana tsinkewa da an ja. Na karya allura biyu. Ashe sai mai dunƙulallen baki, kuma sai zigizag, don ɗinkin ma ya riƙa talewa tare da yadin. Na ɓata rabin yadi kafin na gane.

Wannan ba ya ɗinkuwa da tsohon awo. Dole a zo.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Yarinyar ta zo a kan keke. Ta yi sallama a bakin ƙofa kamar baƙuwa, ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa ina kallon tef.

Ƙirji talatin da huɗu. Ƙugu ashirin da shida, ya ragu da inci biyu. Kwankwaso talatin da bakwai. Hannu ashirin da uku. Kafaɗa ta ƙaru.

Da na ce ta ɗaga hannu na ga wurin. Ya yi ɓawo, gefensa ja. Na wuya ya fi muni. Na bi da tef ta gefe don kar ya taɓa.

Ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci, "Umma, wandon kar ki bar wurin kamfai. Ba a sa komai a ciki."

Na ce innalillahi.

"Robar kamfai ita take fara yanka. Kowa haka yake yi."

Na ce to zan ninka yadin a wurin. Ta ce oke.

Na ɗauko gwangwanin man kaɗanya da aka aiko min daga gida na ajiye a gefen jakarta. Na ce ya fi basilin zama a fata, ruwa ba ya wanke shi da wuri. Ta ɗauka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara igiyar jaka, ta daɗe tana gyarawa, igiyar da ba abin da ya same ta. Na san me take jira. Na ce ta kula da motoci a hanya.

Alhamis, 4 ga Satumba, safe

Ban faɗa ba, ban janye maganar ba. Saura kwana goma sha bakwai.

Asabar, 6 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Duk yadda na kwantar da haɗin, in na shafa shi a bayan hannuna ina jin sa. Sai na ce to me zai hana ya koma waje? Santsin ya kwanta a kan fata, tsinin ya kalli duniya.

Haka na yi. Riga da wando, duk ɗinkin a waje, bai-bai. Na kawar da haɗin hannu daga ƙasan hammata na mai da shi gaba. Wuya ba aiki ba komai, lanƙwasa ɗaya. Hannu har wuyan hannu, wando har ƙasan gwiwa. A nan muka tsaya da ita ta bakin Huseina, ni na ce idon sawu, ita ta ce sarƙar keke za ta kama.

Muni kam ya yi muni. Hajiya Larai ta zo karɓar atamfarta ta gan shi a rataye, ta ce, "Kubura, lafiya idonki kuwa?" Na ce samfur ne. Tana cikin waɗanda suke falo ranar Sallah. Ba ta tambayi yarinyar ba.

Malam ya ɗaga rigar ya juya ta, ya ce, "Roƙon ruwa za a fita ne, aka juya riga?" Ban yi dariya ba. Ya dube ni ya ajiye ta.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan azahar

A ƙasan kwallata akwai layar da Innata ta karɓo mata a Ɗanbatta tana jaririya, lokacin ƙyanda. Ba ta fi farcen babban yatsa ba. Jar fata ce da, yanzu ta yi baƙi. Ta rataya a wuyanta har ta shiga aji ɗaya, kuma ba abin da ya same ta.

Na buɗe ninkin gefen rigar, ɗan ƙasa da hammatar hagu, na zura ta na rufe. Ba ta nunawa. Malam bai sani ba, da ya yi min wa'azi har magariba.

Na ji sanyi a raina kaɗan. Na ci abinci.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Huseina a waya: "Yaya, kin ci gari! Wuya ya warke, cinya lafiya lau, ta yi mil ashirin a keke ta sauka tana tafiya kamar mutum. Wata a wurin iyo har tana tambayar inda aka sayo. Wuri ɗaya ne kawai, gefen hagu, ƙasan hammata. Sabo ne, kamar an goga mata dutse. Na duba rigar ban ga ɗinki a wurin ba."

Na ce ta ƙara man kaɗanya.

"Tana shafawa har yana ɗiga. Ita cewa take laifin hannunta ne, wai ba ta iya jan ruwa daidai da hagu ba."

Na ce wataƙila.

Asabar, 13 ga Satumba, hantsi

Yarinyar ta kawo rigar da kanta. Ta kama wurin da yatsa biyu ta ce, "Umma, nan akwai tauri." Na ce mahaɗar ninki ce, zan gyara, ta je kicin ta ci wani abu. Ƙarya ta fito min sumul, ko tari ban yi ba.

Tana kicin na farke. Fatar layar ta sha ruwa ta bushe, ta sha ta bushe, ta ƙandare, gefenta ya yi kaifi. Na riƙe ta a hannu. Ina jin ƙarar cokali a kwano. Taku goma ne daga nan zuwa kicin.

Na naɗe ta da ƙyallen fulanel mai laushi na mai da ita gefen dama.

Ta ci tuwo malmala biyu. Ta wanke kwanon ta kife inda take kifewa. Ta ce sai an jima.

Lahadi, 14 ga Satumba, la'asar

Yau ma ban faɗa ba. An yi ruwa da rana, na kwashe shanya.

Talata, 16 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Huseina ta zo da kayan aikinta a jiki. Wannan karon ta zauna, kuma ta ƙi shan shayi.

Jiya sun je tafkin gwaji, yarinyar da wasu mata huɗu. Tafki ba kamar kwamin iyo na makaranta ba ne, ba bango ba layi, ba ka ganin ko hannunka. A tsakiya ta tsaya. Numfashi ya ƙi. Sai da mai kwalekwale ya zo ta kama gefensa ya jawo ta.

Na ce ta sha ruwa? Ta ce kaɗan.

"Ba shi na zo faɗa miki ba. Hagun ya fara warkewa, yanzu dama ce ta ɓare. Wuri ɗaya, girma ɗaya. Da safe ina sa mata magani ta ce min, Anti, kin ga yana yawo. In nan ya rufe sai can ya buɗe. Ta ce ko abin da Umma ta faɗa ne ya fara."

Na ce yaran nan na Amurka ai ba su yarda da irin wannan ba.

"Haka ni ma na ɗauka. Yaya, ni ba uwa ba ce, Allah bai ba ni ba. Amma da ina da kamarta, wallahi ba za ta kwana da wannan ba."

Na ce ko za ta fasa shiga? Ta ce ta rantse sai ta shiga.

Bayan ta tafi na zauna a gaban keken ɗinki. Akwai zanen mutane uku suna jira. Tsoro nake ji, tsoro sosai, tun ranar Sallah nake jin sa. In na cire layar ba abin da ya rage tsakaninta da maganata. In na bar ta tana cin namanta, kuma tana ganin maganar ce.

Alhamis, 18 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na buga waya. Yarinyar ce ta ɗauka.

Na ce ta juya safarta bai-bai ita ma, saboda ɗinkin yatsu. Na ce ta barbaɗa hoda a takalmin tun kafin a fara, don ƙafa za ta shiga a jiƙe. Na ce ta yanke farce. Ta ce to, to, to. Ina jin numfashinta.

Ta ce, "Umma, akwai wani abu?"

Na ce babanta yana gaishe ta.

A gidanmu ba a yi haka ba. Innata ba ta taɓa ce wa yayata ko sannu a gaban mutane ba, har ta koma ga Allah. Ban taɓa ganin babba ya janye magana a gaban ɗansa ba, ban san da wace kalma ake farawa ba. Ba uzuri nake kawowa ba, rubutawa kawai nake.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Na ce wa Malam gobe zai kai ni. Ya ce da ma zai je. Na ƙulle sabuwar reza a bakin mayafi.

Lahadi, 21 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Mun isa bakwai da rabi. Leshin Sallah na sa, ban san me ake sawa a irin wannan wuri ba. Motoci a kan ciyawa, kekuna a jere a kan ƙarfe, mutane tsirara-tsirara ana rubuta musu lamba a dantse da baƙin alƙalami. Maza sun fi ɗari, matan ba su wuce ashirin ba. Ita kaɗai ce mai hannun riga, sai a bayan hannu aka rubuta mata tata. Tafkin ya fi yadda na zata. Can nesa akwai jar ganga da za su zagayo.

Na same ta a bayan motar Huseina tana tsalle-tsalle don sanyi. Leɓenta ya bushe. Ta gan ni ta tsaya.

Na ce, "Ɗaga hannun dama."

Ta ɗaga. Na kwance rezar. Huseina ta ce, "Yaya, saura minti goma sha biyar fa!" Na ce ta riƙe min mayafi. Na farke ninkin a jikinta, zare shida, na zaro abin na warware fulanel ɗin na ɗora mata a tafin hannu.

Ta daɗe tana kallo. Ta gane ta.

"Wannan ce?"

"Ita ce. Ni na sa. Na hagun ma ita ce, ni na matsar da ita."

"Sati biyu ina zubar da jini, Umma." Da Hausa ta faɗa, tsaf, ba Turanci ko ɗaya.

Na ce na sani.

"Na tambaye ki. Kika ce ninki ne."

Na ce ƙarya na yi.

"Me ya sa ba ki faɗa min kawai ba?"

Na ce ɗinki na iya.

Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Huseina ce take kuka, ta juya baya tana ta faman goge gilashin mota.

Rami ya buɗe a gefen rigar, yatsa uku za su shiga, ba lokacin rufewa. Na ce a ba ni gwangwanin. Na lakato man kaɗanya na sa hannu ta ramin na shafa a kan ciwon. Ta ɗan zabura. Na shafa ɗaya gefen, na shafa wuya ta gaba da ta baya, na shafa inda robar hula take kamawa. Rabon da in taɓa fatarta da hannuna tun ina yi mata wanka a daro. Tana rawar sanyi.

Wannan zan rubuta shi. Na ce, "Abin da na faɗa ranar Sallah na janye shi. Fushi ne, kuma ni ce ban kyauta ba. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min. Ki shiga lafiya ki fito lafiya. Allah ya yi miki albarka."

Ta ce, "Ki ƙara."

Na dube ta.

"A hankali. Waccan sau ɗaya kika faɗa, amma sati biyar ina jin ta duk lokacin da na sa fuska a ruwa. Ki ƙara, in samu wadda zan tafi da ita."

Na ƙara. Na kuma ƙarawa. A na ukun wani Bature mai lasifika yana kiran mata su matso, sai da na ɗaga murya, mutane suna waiwaye. Oho musu.

Ta miƙo min layar ta tafi.

Aka busa ƙaho. Suka faɗa gaba ɗaya, ruwa ya yi fari. Duk hulunan rawaya ne. Da farko ina gane ta da baƙin hannun riga, yana fita yana shiga, a can baya. Kafin su kai jar gangar na rasa ta. Malam yana gefena yana duba agogo yana faɗa min minti, na ce ya yi min shiru. Na ga kwalekwale ya matsa kusa da wata hula ya tsaya. Ban san tsawon lokacin ba. Ya ja baya, hular ta ci gaba. Ko ita ce ko ba ita ba ce, har yanzu ban tambaya ba.

Suka fara fitowa. Na ƙirga mata goma sha ɗaya. Goma sha biyar. Goma sha bakwai. Ban san na shiga ruwan ba sai da na ji sanyi a ƙwauri.

Ita ce ta goma sha takwas. Ta miƙe tsaye ruwa yana zuba daga hannun rigar, ta yi tangaɗi, ta tuɓe hula. Ta wuce ta gabana da gudu za ta wurin keke, ba ta tsaya ba. Sai ta ɗaga hannun dama sama, ramin a buɗe. Turawa suka ɗauka su take gaisarwa, suka hau tafi.

Na zauna a nan cikin taɓo da leshina, Malam yana cewa, "Kubura, tashi mana, ana kallon ki." Na ce a kalla.

Ta gama keken, ta gama gudun. Ita ce ta biyu daga ƙarshe. Ba sabon ciwo ko ɗaya sai ɗan bororo a diddige. Gidan Huseina ta koma, can kayanta suke.

Litinin, 22 ga Satumba, hantsi

Ta yi waya. Laraba za ta zo da jakarta, da rigar, a toshe ramin. Ta ce, "Umma, zare kawai."